Tambaya da Amsa: In danna Unsubscribe ko in ƙyale su?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon kusan duk saƙonninku kan abu ɗaya suka taru, wato tarkacen nan da ke cika mana imel, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Wanda bai ga tasa tambayar ba ya yi haƙuri tana layi.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ni dai matsalata imel ɗina ne, tun da na gama bautar ƙasa na fara cike-ciken neman aiki shikenan na shiga uku, kullum na buɗe sai na tarar da saƙo ashirin ko talatin, wasu tallar kaya wasu wai na ci kyauta wasu wai in zo in zuba kuɗi a kirifto, yanzu haka waɗanda ban karanta ba sun haura dubu huɗu, har kiran intabiyu ya taɓa wuce ni don ya nutse a cikinsu sai bayan kwana biyar na gani. Toh na ga a ƙasan kowanne akwai ɗan rubutu Unsubscribe, na fara dannawa sai ƙanena ya ce in daina wai in ka danna ne ma suke gane kana nan su ƙaro maka. Gaskiya ne ko dai surutunsa ne kawai?
Daga wata 'yar uwa a Zariya

AMSA: 'Yar uwa Allah ya kawo aiki mai albarka. Ƙanin naki bai yi ƙarya ba amma rabin maganar ya faɗa miki, don masu turo miki saƙon nan ba iri ɗaya ba ne, kashi biyu ne, kuma abin da yake magani a wajen ɗaya shi ne guba a wajen ɗayan.

Akwai waɗanda ke da hannunki kika ba su adireshinki, ko da kin manta. Shafin neman aikin da kika yi rajista, shagon intanet da kika taɓa sayen takalmi sau ɗaya, jarida, bankinki, LinkedIn, Facebook da sauransu. Galibi lokacin da kike cike fom akwai wani ɗan akwati da aka riga aka yi masa alama wai kin yarda a riƙa turo miki labarai, ke kuma kina sauri data na ƙarewa baki ma lura ba. Waɗannan suna da suna, suna da ofis, suna da abin da za su yi asara. Su kam ki danna Unsubscribe, wato a cire ki daga jerin waɗanda suke turo wa saƙo, hankalinki kwance, zai yi aiki.

Ba don suna ƙaunarki ba ne fa, dole ce ta sa. A Amurka tun 2003 akwai dokar da ake kira CAN-SPAM, ta ce duk mai tura saƙon talla sai ya saka hanyar fita, sai ya saka adireshinsa na zahiri, in mutum ya ce a cire shi a cire shi cikin kwana goma na aiki kuma ba a karɓar ko sisi. Turai suna da tasu GDPR da ta fara aiki a 2018 wadda ta ma fi zafi, mu ma a Najeriya an sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a 2023 kuma ta ba mutum damar ya ce baya son a riƙa yi masa talla da bayanansa. Amma ni a ganina abin da ya fi ba kamfanonin nan tsoro ba kotu ba ce, Google ne. Daga watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka kafa wa masu tura saƙo da yawa sharaɗi, a wajen Gmail duk mai tura saƙo dubu biyar zuwa sama a rana sai ya saka hanyar fita ta danna sau ɗaya, ya cire mutum cikin kwana biyu, sannan kada masu kai ƙararsa wajen Gmail cewa saƙonsa shara ne su kai uku cikin dubu. In suka kai, saƙonninsa sai su fara zarcewa kwandon shara, wato Spam, har na waɗanda ke son ganinsu. Kinga kenan kamfani na gaskiya gara masa ki fita salin alin da ki kai ƙararsa.

Kashi na biyu su ne waɗanda ƙaninki ke nufi. Wanda ya ce kin ci iPhone a gasar da baki shiga ba, da matar da wai mijinta ya rasu ya bar miliyoyin daloli tana neman mai amana, da mai cewa za a rufe miki akawun cikin awa 24, da mai maganin ƙarfi, da mai cewa kayanki sun maƙale a kwastan alhali ko allura baki yi oda ba. Waɗannan ba ruwansu da doka, ai aikin nasu ma gaba ɗaya karya doka ne, toh ta yaya wanda ya zo yi miki sata zai saurari roƙonki na ya daina? Unsubscribe ɗin da ke ƙasan saƙonsu ado ne kawai don a ga kamar na gaske ne, ko kuma shi ne ma tarkon.

Yadda abin yake, mutumin nan yana da jerin adireshi na miliyoyin mutane da ya saya ko ya sato, da yawa cikinsu matattu ne, an buɗe su a kafe don rajistar JAMB ba a sake waiwayarsu ba. Kamar mai bin layi ne yana sallama ƙofa ƙofa don ya san gidan da ke da mutane, ke kuma da kika danna kin amsa masa sallamar, don liƙau ɗin, wato wannan shuɗin rubutun da in an taɓa yake kai mutum wani shafi, yana ɗauke da wata lamba taki ke kaɗai. Yanzu ya san akwai mutum, yana buɗe saƙo, kuma yana dannawa, irin wannan adireshin ya fi tsada in zai sayar wa wani. Amma in gaya miki gaskiya wannan ba shi ne ya fi damuna ba, ƙarin shara ne kawai, ba ya kisa. Abin tsoron shi ne inda liƙau ɗin zai kai ki. Sai ki ga shafi fes kamar na Gmail ko na bankinki yana cewa saka kalmar sirri don tabbatar da ke ce, ko ya ce sauke wannan manhajar, toh nan ne ake yi wa mutane yankan ƙauna. Ki riƙe wannan, fita daga jerin talla ba ya buƙatar kalmar sirri, ba ya buƙatar BVN ko lambar kati ko OTP, duk shafin da ya nemi ɗaya daga ciki rufe shi kawai.

Toh ya za ki bambance? Tambayi kanki, na san waɗannan, na taɓa hulɗa da su? In amsar a'a ce an gama magana, taɓa ɗigo ukun nan na sama ki zaɓi Report spam. In eh ce kada ki tsaya a sunan da ya fito ɓaro-ɓaro don kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama, taɓa sunan ki ga ainihin adireshin da ke ƙarƙashi, ki duba abin da ya biyo bayan alamar @ ɗin. In saƙo ya ce daga banki yake amma ya ƙare da gmail.com ko wasu haruffa birkice kamar kaza ta taka, ko an sauya harafi ɗaya a sunan, kin san sauran.

Sannan ko ga na gaskiyan ma na fi son ki yi amfani da Unsubscribe ɗin da Gmail da kansa yake sakawa a sama kusa da sunan wanda ya turo, ba na can ƙasan saƙon ba. Galibi wannan Gmail ne ke isar da saƙon fitarki a madadinki ba sai kin je shafin kowa ba. Ba a kowane saƙo yake fitowa ba, in babu shi kuma kin tabbatar da kamfanin sai ki yi amfani da na ƙasan. Abin da ya riga ya faɗa cikin Spam kuwa ki bar shi inda yake, kada ki shiga kina bin su ɗai-ɗai kina dannawa, bayan kwana 30 Gmail zai share su da kansa.

Dubu huɗun nan kuma ba sai kin bi su da ɗaya ɗaya ba. Samu kwamfuta, a wajen bincike na Gmail ki rubuta kalmar unsubscribe, kusan duk na talla za su fito, ki duba waɗanda suka fi damunki ki fita daga jerinsu, sauran ki zaɓe su gaba ɗaya ki goge, amma ki ɗan leƙa tukuna kada rasit ko wata takarda mai amfani ta bi ruwa. Za ki ga yawanci kamfani goma sha ne ke cika miki akwatin, in kika sallame su kin huta da mafi yawa.

TAMBAYA: Malam ni fa na riga na yi aika-aikar. Saƙo ne ya dame ni na danna wajen fita sai ya kai ni wani shafi ya ce in saka imel da kalmar sirri, na saka, sai shafin ya tsaya bai ce komai ba. Daga baya jikina ya ba ni ba daidai ba. Yanzu ya zan yi, kuma da wannan imel ɗin nake harkar banki da masu turo min kaya daga Chana.
Daga wani ɗan kasuwa a Kano

AMSA: Alhaji ajiye mujallar nan ka je ka canza kalmar sirrin yanzu yanzu, ka dawo mu ci gaba. Da gaske nake.

Bayan ka canza, shiga saitin akawun ɗinka na Google ɓangaren Security ka duba na'urorin da ke ciki, duk wayar ko kwamfutar da baka gane ba ka fitar da ita. Ka duba lambar waya da imel ɗin da aka ajiye na dawo da akawun, naka ne ko an sauya. Sai kuma wurin da mutane ke mantawa, kuma kai da kake kasuwanci shi ya fi shafarka, wato Forwarding da Filters a saitin Gmail na kwamfuta. Ɓarayin nan in sun shiga ba koyaushe suke kore ka ba, wani lokacin sai su saita a riƙa tura musu kwafin duk saƙon da ya shigo maka su yi lamo suna karantawa, sai ranar da za ka biya kuɗin kaya ka ga saƙo kamar daga mutumin naka na Chana yana cewa mun canza akawun, tura ta wannan. Duk ranar da ka ga irin wannan ka kira shi a waya ka ji daga bakinsa kafin ka tura ko kwabo, ko da saƙon ya zo cikin tsohuwar hirarku.

Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, yadda ko mutum na da kalmar sirrinka sai ya samu wayarka. Kuma in wannan kalmar ita ce kake amfani da ita a Facebook da manhajar banki da sauran wurare, wanda na san da wuya ba haka ba ne, duk ka bi ka canza, kowanne da tasa. Don Allah a daina sunan ɗa ko na uwargida da 123 a ƙarshe, ko lambar waya, ko wadda yaron kafe ya zaɓa maka shekara takwas da suka wuce.

Ga sauran masu karatu, wanda ya danna kawai shafin ya buɗe ya rufe bai rubuta komai ba bai sauke komai ba, ya kwantar da hankalinsa, abin da zai biyo baya dai ƙila ƙarin shara. Wanda kuma ya sauke wata manhaja daga wajen ya cire ta, in ma ya ga wayar ta fara wasu halaye ya kwashe kayansa ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. Wani kamfani ne na gaske, na taɓa sayen tikitin jirgi a wajensu, sau uku ina cire kaina amma har yau suna turowa. Kuma wayata da Faransanci take bana ganin kalmomin da kuke faɗa.
Daga wani ɗan uwa a Maraɗi

AMSA: Ɗan uwa muna amsawa, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. A wayarka Unsubscribe shi ne Se désabonner, kai ƙara kuma Signaler comme spam.

Abin da ke faruwa sau da yawa shi ne kamfani ɗaya yana da jeri huɗu ko biyar, na rangwame daban, na labarai daban, na abokan hulɗarsu daban, kai kuma ɗaya ka fita. In ka danna ya kai ka shafinsu ka duba da kyau, can ƙasa da ƙananan haruffa akwai inda aka ce a cire ka daga duka. Ka ba su kamar sati biyu. In sun ci gaba toh ka fita haƙƙinsu, kai ƙararsu a matsayin shara ba tare da jin nauyi ba, wannan ne ma yake yi musu zafi. Sai dai ka sani in ka yi haka wata rana saƙon tikitinka na gaske ma zai iya faɗawa can, sai ka riƙa leƙawa in ka yi sabuwar saye. Toshe mai turowa, wato Bloquer, yana aiki a kan irin waɗannan masu adireshi ɗaya, amma a kan 'yan damfara ɓata lokaci ne don kullum da sabon adireshi suke zuwa.

TAMBAYA: Malam ni duk wanda ya turo min irin wannan nakan ba shi amsa cikin mutunci in ce don Allah ya daina ban san shi ba, amma kamar zuga su nake. Kuma wai a ina suka samu adireshina ni da ban ba kowa ba?
Daga wani dattijo a Kumasi

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, amma don Allah a daina ba su amsa. Yawanci ba mutum ne ke zaune yana rubuto maka ba, na'ura ce ke watsa saƙo ɗaya ga dubban mutane, in kuwa aka yi rashin sa'a mutum ya karanta amsar taka toh ya samu abin da yake nema, dattijo mai kirki da ke amsa saƙo, gobe sai ya dawo da wani labarin.

Batun inda suka samu, ba lallai laifinka ba ne. Ana fasa rumbunan kamfanoni a kwashe bayanan mutane a sayar. Yahoo da bakinsu suka amsa cewa kutsen da aka yi musu a 2013 ya shafi duka akawun biliyan uku da suke da su, LinkedIn ma an yi musu a 2012. Wasu kuma na'ura suke sakawa tana bin shafuka tana tsintar duk adireshin da aka rubuta a fili, ga kuma saƙonnin nan na tura wa mutum ashirin da ake jera adireshin kowa kowa na gani. Akwai shafin da wani masani ɗan Ostireliya mai suna Troy Hunt ya buɗe a 2013, Have I Been Pwned, in ka sa jikanka ya rubuta adireshinka a ciki zai nuna maka ko yana cikin waɗanda aka taɓa sacewa da kuma daga ina. Adireshi kawai yake nema ba kalmar sirri ba.

Abin ya daɗe Baba, tun 1978 wani ɗan talla a Amurka, Gary Thuerk, ya tura tallar kwamfuta ga mutum wajen 400 a lokaci ɗaya aka yi ta yi masa faɗa. A 2004 Bill Gates da kansa ya ce nan da shekara biyu an gama da matsalar, ga mu nan dai har yau. Dabarar da ni nake yi ita ce imel biyu, ɗaya na banki da aiki da 'yan uwa wanda bana ba kowa, ɗaya kuma na cike fom da rajistar duk wani shafi, can su je su yi ta zubawa.

TAMBAYA: Malam na ga tallar wasu manhajoji da ke cire mutum daga duka jerin a lokaci ɗaya kyauta, in sauke?
Daga wata ɗaliba a Sakkwato

AMSA: Ƙanwata ni dai bazan ba ki shawara ba. Kafin manhajar ta yi wannan aikin sai kin ba ta izinin karanta duk abin da ke akwatinki, rasit, saƙon banki, komai. A 2017 aka gano wata shahararriya cikinsu, Unroll.me, kamfanin da ya mallake ta yana tattara bayanan rasit daga akwatunan mutane yana sayarwa bayan an cire sunaye, har kamfanin motocin haya na Uber na cikin masu saye don su leƙa cinikin abokin gasarsu Lyft, sai da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta shiga maganar aka sasanta a 2019. Gudun gara kenan a faɗa gidan zago. Ki zauna rabin awa ki yi da hannunki kamar yadda na gaya wa 'yar uwarmu ta Zariya. In kuma kin riga kin ba wata izini, shiga Security na akawun ɗinki wajen manhajojin da ke haɗe da shi ki cire ta.

TAMBAYA: Malam ni ba imel ba ne, tes ne ke damuna a waya, tallar waƙar kira da caca da su kacici-kacici dare da rana. Akwai maganinsu?
Daga wani ɗan acaɓa a Gombe

AMSA: Akwai ɗan uwa, kuma kyauta ne. Hukumar sadarwa ta NCC ta fito da lamba 2442 tun 2016, ka rubuta STOP ka tura mata daga layin da ake damunka, kowane kamfanin layi ne a Najeriya, za a rufe maka saƙonnin talla. In akwai irin waɗanda kake so a bar maka sai ka tura HELP su nuna maka zaɓi. Wannan kamfanin layinka kake wa magana ba baƙo ba, shi ya sa babu haɗari. Amma tes ɗin da ya zo daga lambar mutum haka kawai yana cewa an toshe BVN ɗinka ko ATM ɗinka ka kira wannan lambar, 2442 ba ta hana shi, shi kam kada ka amsa ko da STOP ɗin ne, toshe lambar ka goge. In ka tura STOP ɗin an kwana biyu kamfanin layin bai daina ba ka fara kai musu ƙorafi su ba ka lambar shaida, in basu gyara ba ka kira NCC a 622 ka ba su ita.